Wanda Ba a Taɓa Ɗaura wa Akuya Ba

Sufeto bai kai rabin kofin shayinsa ba aka bugo waya daga jami'a. Ya saurara, ya ce "to," ya ajiye.

"Saje, ɗauko makullin mota. Sata aka yi a sashen kwamfuta."

"Guda nawa aka kwashe, Yallaɓai?"

"Ko ɗaya. Wani abu ne wai bai kai ɗan yatsa ba."

"Shi ne sai an taso Sufeto guda?"

"Abin da nake so in ji ke nan."

Ofishin da aka kai su yana bene, a ƙarshen baranda. Mai ofishin dattijo ne siriri, kowa Dokta yake ce masa. Shi ne uban kulob ɗin ɗaliban kwamfuta, amma da alli yake koyarwa, kuma allin ya bi shi ko'ina: kan littattafai, kan tebur, har girarsa.

A tsaye ya yi bayani. Kulob ɗin na yin gasar rubuta manhaja duk shekara. Bana wanda ya zo na ɗaya shi zai wakilci jami'ar a babbar gasa a ƙasar waje. Masu shirya gasar sun aiko da tambayoyin cikin filash, jibi za a zauna. Jiya da rana ya soka filash ɗin a kwamfutarsa don ya ga ko yana aiki, sai aka kira shi taro. Da ya dawo babu shi. Yau da safe aka caje jakunkunan 'yan kulob, aka same shi a jakar wata ɗaliba.

"Kun samu kaya, kun samu ɓarawo," in ji Sufeto. "Mu kuma na mene ne?"

"Masu gasar sun ce sai da rahoton 'yan sanda, in ba haka ba su cire jami'ar gaba ɗaya. Hukuma kuma rahoton take jira ta kori yarinyar. Hannu kawai za ka sa."

Sufeto ya dube shi. A shekarun da ya yi yana aiki, duk inda aka ce masa hannu kawai zai sa, nan ya fi daɗewa.

"Ka kulle ƙofa da za ka fita?"

"Na kulle."

"Ina makullin?"

Dokta ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu. Saje ya miƙa hannu ya ɗaga wani littafi a kan tebur. Ga makullin a ƙarƙashi, alli ya rufe shi.

"To, na dai jawo ta," in ji Dokta. "Kuma ba sata kaɗai ta yi ba, har kwamfutar ta so ta lalata min. Na dawo na tarar da ita baƙi ƙirin. Na danna nan, na danna can, shiru. Sai da na kira Injiniya mai kula da ɗakin kwamfuta. Ashe kashe allon aka yi ta maɓallinsa na ƙasa. Da ya kunna kuma sai ta ce wai in sa kalmar sirri. Ni da rabona da kalmar sirri tun ranar da aka kawo ta."

"Ba ta kulle kanta in an daɗe ba a taɓa ta ba? Wayata haka take yi."

"Na sa an cire wannan tun tuni. Ba na son na'ura ta riƙa yi min tambayoyi a ofishina."

"Kai fa, kana kulle ta in za ka tashi?"

"Ni yadda na'ura ke tunani nake koyarwa, Sufeto. Danne-danne na yara ne."

Sufeto ya sunkuya kan kibod ɗin. Haruffan tsakiya sun goge da yawan taɓawa. Maɓallan gefe kuwa alli ya daskare a kansu, sai guda ɗaya a kusurwar hagu ta ƙasa. Wannan akwai shatin yatsa a tsakiyarsa, fes.

"Wannan na mene ne?"

Dokta ya gyara tabarau. "Ban taɓa taɓa shi ba."

"Saje, cire kibod ɗin nan ta waya, ka naɗe shi, kada ka taɓa samansa. Dokta, maganar kashe allon nan ta tsaya tsakaninmu."

Ɗakin kwamfuta na tsakiyar barandar. Ƙofarsa na kallon hanyar ofishin Dokta. Suna shiga suka tarar ana ƙyalƙyala dariya. Wani ɗalibi ya dawo daga waje ya tsaya riƙe da kai, a allon kwamfutarsa kuwa ga hoton wata akuya ta cika fuskar, haƙora waje, tana kallon mutane a karkace.

Ganin kaki, dariyar ta ɗauke.

"Akuyar wace ce?" Sufeto ya tambaya.

Wani dogon saurayi mai ƙaramin gemu ya miƙe. Dogo suke ce masa, shi ne sakataren kulob.

"Doka ce, Yallaɓai. Duk wanda ya tashi ya bar kwamfutarsa a buɗe, ko ruwa ya je sha, sai a ɗaura masa akuya. Kuma sunansa Akuya har sai an kama wani."

"Me ake nufi da a buɗe?"

"Bai kulle ba. Maɓalli biyu ne kawai." Dogo ya sa yatsu biyu ya danna, allon ya rufe. Ɗaya daga cikin maɓallan na kusurwar hagu ne ta ƙasa. "Da farko mutum tunawa yake yi. In ya sha akuya ya ƙoshi, hannunsa ne ke yi kafin ya miƙe. Ni ko a gidan biki na taɓa kwamfutar wani sai na kulle."

"Wa ya kawo dokar?"

"Ni ne, Yallaɓai."

Wanda ya amsa yana zaune a kwamfutar bakin taga. Ya taso, ya gaishe su da ladabi. Rigarsa a goge take, muryarsa a natse. Shi ne shugaban kulob, ɗan ajin ƙarshe, Ciyaman suke ce masa.

"Tarbiyya ce. Wanda zai riƙe sirrin mutane gobe, gara ya saba tun yau."

"Kai sau nawa aka ɗaura maka?"

Dogo ya riga shi. "Shi? Tun da aka kafa dokar ba wanda ya taɓa samun sa. Mun yi dabara har mun gaji."

"Wa ya fi kowa sha?"

Wata daga baya ta ce a hankali, "Mantau."

"Wace ce Mantau?"

"Ita ce aka samu filash ɗin a jakarta," in ji Ciyaman. Ya sunkuyar da kai. "Abin ya dame ni, Yallaɓai. Ni na jawo ta kulob ɗin nan."

"Wa ya ce a caje jakunkuna?"

"Ni na ce, don kada a zargi kowa a banza. Da tawa aka fara."

"Jiya da rana kana ina?"

"Laburare. Daga lacca can na wuce, sai yamma."

"Ka taɓa zama a kwamfutar Dokta?"

"Ban taɓa ba. Iyakata gaban tebur."

"Kai fa, Dogo?"

"Filin ƙwallo, Yallaɓai." Ya faɗa da sauri, idonsa na kan Ciyaman.

A baranda Saje ya rage murya. "Dogon nan ƙarya yake yi."

"Duk wanda muka gani yau ya yi ƙarya. Mu je mu ji ta yarinyar."

An ajiye ta a ofishin masu gadin jami'a, kan benci. 'Yar ƙarama ce, tabarau ɗinta ya zamo zuwa kan hanci. Jakarta na gefenta, baki buɗe, waya da biro da caja duk sun leƙo. Kusa da ita wata mata ce cikin fararen kayan asibiti, da gani daga wurin aiki ta taho.

"Ni ce mahaifiyarta," matar ta ce tun kafin a tambaye ta. "Yallaɓai, yarinyar nan ba ta iya ɓoye ko allura ba. Ita da ke barin firji a buɗe, ta bar famfo na zuba, ta bar ƙofar gida wangame har kajin maƙwabta su shigo falo? Ita ce za ta yi sata?"

"Umma, don Allah."

"Rufe min baki. Abin da nake faɗa a gida ne yau nake faɗa a gaban hukuma."

"Malama, ki ba ni ita kaɗan," in ji Sufeto. Ya jawo kujera ya zauna. "'Yata, kin shiga ofishin Dokta jiya?"

"A'a."

"Ko kusa?"

"Ban je ba."

Sufeto ya zuba ido kan jakar. A cikin tarkacen akwai wata baƙar waya mai kauri, an manna mata farar takarda da sunan sashen.

"Wannan ta mece ce?"

Ta kalli wayar, ta kalli uwarta. Idonta ya cika.

"Ta majigi ce."

"A ina ake ajiye ta?"

"A ofishin Dokta." Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. "Shi ya ce in ɗauko, za mu yi atisaye da yamma. Na ƙwanƙwasa ba kowa, na tura, na ɗauka, na fito. Wallahi iyakar abin ke nan."

"Me ya sa kika ce ba ki je ba?"

"An samu abu a jakata. In na ce na shiga, wa zai saurari sauran?"

Uwar ta dafe ƙirji. "Ƙarya kika yi wa hukuma? Ke?"

"Da kika shiga, kwamfutarsa a kunne take?" Sufeto ya ci gaba.

"A kunne. Kullum haka take. Har na ce a raina da ɗan kulob ne da ya sha akuya."

"Filash ɗin fa?"

"Yana jiki. Na gan shi."

"Da kika fito kin rufe ƙofar?"

Tana ƙoƙarin tunawa, uwar ce ta amsa.

"Ba ta rufe ba. Ko ban gani ba na rantse."

"Ki faɗa min gaskiya. Kina son cin gasar nan?"

"Ina so."

"Tambayoyin da sun taimake ki."

Ta ɗago kai, karo na farko ta dube shi ido cikin ido. "Da me zan buɗe su? Filash ɗin a ɗaure yake. Sai safiyar gasa masu shiryawa za su turo mabuɗin. Duk wanda ya taɓa shiga gasar ya sani. In ka ɗauke shi yanzu, ƙarfe kawai ka ɗauka."

"Bara wa ya zo na ɗaya?"

"Ni."

"Na biyu?"

"Ciyaman. Dogo na uku."

Da suka fito uwar ta biyo su har bakin mota.

"Yallaɓai, babanta ya rasu tana firamare. Ba don ka ji tausayi na faɗa ba. Don ka san in aka kore ta, babu wata jami'ar da zan iya kai ta."

"Na ji, Malama. Ban rubuta komai ba tukuna."

Injiniya na da ɗan ɗaki a bayan ɗakin kwamfuta, cike da matattun na'urori. Mutum ne mai ƙiba, yana magana yana share gumi. Ɗakin na warin dalma.

"Jiya ina nan tun safe har aka tashi," ya ce. "Na ga yarinyar ta wuce wajen ofishin Dokta. Ban ga kowa ba bayanta."

"Da ka buɗe wa Dokta kwamfutar, me ka gani?"

"An kulle ta, an kashe allo. Na duba tarihin abin da aka yi a kanta. Filash ɗin ba fizge shi aka yi ba, sallamar sa aka yi."

"Yi min Hausa."

"Kafin ka zare filash, akwai inda za ka danna ka gaya wa kwamfuta za ka cire, ta sake shi. In ka fizga yana iya lalacewa. Mutanen gari fizga suke yi. 'Yan kulob kuwa ko gobara ake sai sun sallame shi. Ciyaman ya dasa musu wannan tun suna ajin farko."

"Ana iya yin sallamar a tsaye?"

"Yadda teburin Dokta yake, sai ka zagaya ka zauna."

Sufeto ya gyaɗa kai. Ya jawo durowar da ke kusa da gwiwarsa. Wayoyin hannu ne a ciki jere, kowace da ɗan ƙyalle a ɗaure, wasu an buɗe bayansu.

"Na jami'a ne waɗannan?"

Injiniya ya ƙara share gumi. "Taimako ne nake yi wa mutane."

"A ina kake karɓar su?"

"Akwai wata rumfa a bakin get."

"Wane lokaci ake samun ka a rumfar? In aiki Saje ya tambayo?"

Injiniya ya zauna a kan wata tsohuwar firinta. "Da rana nake leƙawa. Yallaɓai, in hukuma ta ji, aikina ne."

"Ba wayoyi na zo nema ba. Yarinyar ta wuce, sai ka fita?"

"Tana wucewa na fita."

"Wa ka bar wa ɗakin?"

"Ciyaman da Dogo. Su nake bar wa kullum. Na roƙe su kada su faɗa."

A mota Saje ya kasa haƙuri.

"Yallaɓai, ni fa tun ɗazu abu ɗaya ke cina. Wace ɓarauniya ce za ta saci kaya jiya, ta kwana da su, ta dawo da su yau inda ta sata, cikin jakar da ba ta rufuwa?"

"Kuma kayan da ba za su amfane ta ba."

"To don me aka sata?"

"Don a same su a jakarta." Sufeto ya kwantar da kujera. "Wanda ya shiga ɗan kulob ne. Ya kasa fizge filash, sai ya zauna ya sallame shi. Da ya zauna kuwa, tashi ya zame masa tarko. Hannunsa ya yi abin da ya saba."

"Ai duk suna kullewa."

"Ban da mutum ɗaya, ita ce ke kan benci. Saura biyu da suka yi mana ƙaryar inda suke."

"Mu kwashe su duka mu kai ofis. Kafin la'asar wani zai yi waƙa."

"A'a. Gobe kai za ka yi wasan kwaikwayo."

Washegari da hantsi Sufeto ya sa aka fitar da kowa daga ɗakin kwamfuta. Ya ce yana son kowane shaida ya buga bayaninsa da kansa, tun da su ma'abota bugu ne, shi kuma da yatsa biyu yake yi. Ya zauna can baya da jarida.

Mantau aka fara shigowa da ita. Ta buga layi kaɗan, sai Saje ya banko ƙofa.

"Ke! Dokta na kira, maza!"

Ta zabura ta fita. Allon a buɗe, jakar a buɗe, ƙofar ma a buɗe. Saje ya bi ƙofar da kallo ya girgiza kai.

Dogo ya shigo yana murza hannu. Ya buga, ya goge, ya sake bugawa. Saje ya banko ƙofa.

"Kai Dogo! Dokta na kira, maza!"

Kafin ya gama miƙewa yatsunsa biyu sun sauka. Allon ya rufe, hoton wani dutse ya fito da gurbin kalmar sirri. Ya fita da sauri. Allon na nan a kunne.

Sufeto ya juya shafin jarida.

Ciyaman ya shigo ya gaishe shi, ya gyara kujera, ya daidaita kibod da gefen tebur. Bugunsa ba tsayawa, kamar mai karanta abin da ya haddace. Saje ya bari ya yi nisa, sannan ya banko ƙofa har ta bugi bango.

"Ciyaman! Dokta na kira, maza!"

Yatsu biyu na hagu suka sauka, allon ya rufe. Yana miƙewa babban yatsansa na dama ya shiga ƙarƙashin allon. Ƙit. Allon ya yi baƙi ƙirin. Ko kallon sa bai yi ba.

"Dawo ka zauna," in ji Sufeto. "Dokta bai kira ka ba."

Ya naɗe jaridar. Ya ce Saje ya shigo da Dokta da Injiniya da Dogo, da yarinyar da mahaifiyarta. Sauran 'yan kulob suka taru a bakin ƙofa da tagogi, ba wanda ya kore su.

"Dokta, dubi allon nan. Haka ka tarar da naka?"

Dokta ya matso ya leƙa. "Haka. Baƙi ƙirin."

"Ciyaman, kunna ka buɗe mana. Ina son ganin bayaninka."

Ciyaman ya kunna, ya sa kalmar sirri. Sufeto ya karanta daga bayansa.

"Har yanzu kana laburare."

"Can nake, Yallaɓai."

"Injiniya ya ce kai da Dogo ya bar wa ɗakin nan."

Ciyaman bai ko ƙifta ido ba. "Gaskiya ne. Rufa masa asiri muka yi, ya roƙe mu. Kuskure ne, na amsa. Amma zama a ɗakin nan ba sata ba ne."

"Dogo, kuna tare har Injiniya ya dawo?"

"Na ɗan fita sayen ruwa."

"Wa ka bari a ɗakin?"

"Shi kaɗai."

"Me ya sa yake kashe allo bayan ya kulle? Kai ba ka yi."

"Mu muka jawo." Muryar Dogo ta yi ƙasa. "Mun taɓa haɗa masa allon kulle na bogi, don ya sa kalmar sirrinsa mu kama. Ya gane. Tun ranar in ya kulle sai ya kashe allon, in ya dawo ya kunna ya duba da kyau. Shi kaɗai ke yin haka a kulob ɗin nan."

"Ɗabi'a ba hujja ba ce," in ji Ciyaman. "Kowa na iya kashe allo."

"Haka ne. Shi ya sa na ɗauki kibod ɗin Dokta." Sufeto ya jawo kujera ya zauna dab da shi. "Maɓallin kusurwa, wanda kuke kullewa da shi. Dokta bai taɓa taɓa shi ba, Injiniya bai taɓa ba. Alli ya daskare a kansa, yatsa ɗaya ya sauka a tsakiya ya bar zanensa kamar an buga hatimi. Jiya ka gaya min ba ka taɓa zama a kujerar ba. Tawada na mota. Za ka ba ni hannunka, ko za ka ba ni magana?"

Ciyaman ya dubi hannunsa na hagu, ya daɗe yana kallo.

"Na kulle ta?" ya ce a hankali. Ba da kowa yake ba. "Wallahi ban san na kulle ba."

"Na yarda. Faɗi sauran."

"Na ga ta fito ta bar ƙofar a buɗe. Daga nan ana hangowa." Ya nuna baranda da haɓa. "Dogo ya fita. Na shiga, na cire, na fito. Jiya da safe ta ajiye jaka ta je gaishe da wata, na jefa a aljihun gefe."

"Ka san ba za ka iya buɗe tambayoyin ba."

"Ba tambayoyi nake so ba. Ni na kafa kulob ɗin nan da kwamfuta uku matattu. Ni na koya mata rubuta layin farko. Abin da zan yi mako ina fama da shi, sai ta zo tana hira tana dariya ta warware, ta tashi ta bar shi a buɗe kamar ba komai ba. Bana ce shekarata ta ƙarshe. Ita tana da wata shekarar."

"Ba ta da ita. Korar ta za a yi."

"Ban yi niyyar a kore ta ba. Na ɗauka gasar kawai za a hana ta."

"Jiya ka ji za a kore ta. Me ka ce?"

Ciyaman ya kawar da kai.

"Ka ce abin ya dame ka," in ji Sufeto. "Saje."

Uwar Mantau ta yunƙura za ta yi magana, 'yar ta riƙe mata hannu. Dokta ya cire tabarau yana gogewa da rigarsa, yana ƙara shafa masa alli.

"Dokta, rahoton zai iso kafin a tashi aiki. Sunanta ba ya ciki sai a matsayin shaida. Gobe ta zauna gasarta. Kai kuma ka nemi inda makullinka yake."

Saje ya kama hannayen Ciyaman ya mayar baya, ya sa ankwa, ya ɗaga shi. Ciyaman na miƙewa kafaɗarsa ta hagu ta fizga wajen kibod ɗin, ƙarfen ya tare. Ya sake gwadawa. Saje ya juya shi wajen ƙofa. Ɗalibai suka dare suka ba su hanya.

Allon na nan a buɗe, bayanin laburare a kai, ba a ƙarasa ba.

Duk ɗan kulob da ke wurin shi yake kallo. Shekara da shekaru suna jiran wannan kujera ta zama haka. Hannun Dogo ya tafi wajen linzamin kwamfutar da kansa, ya tsaya a iska.

Mantau ta ratsa ta gabansa. Ta sunkuya, ta nemi maɓallan da ido, ta sa yatsu biyu ta danna. Allon ya rufe.

"Ashe kin iya," in ji uwarta.

"Shi ya koya min."

Ta gyara tabarau ta fita. Uwar ta tsaya ta ɗauki jakar da ta bari a kan tebur, ta ja zif ɗin, ta bi bayanta.

Sufeto ne ya fita a ƙarshe. Ya jawo ƙofar ya rufe.